Kalmar da ta bar ni cikin fumfuna wata uku

Maganar asusun banki, rajista da likitan unguwa da lambar inshorar ƙasa ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Ku je masallacin Juma'a, kafin a watse wani zai nuna muku. Mutanenmu na Manchesta ba sa rowar hanya, wannan kam abin alfahari ne. Gidan haya ne damuwata, don duk hunturu sai na ga sabon zuwa ya faɗa ramin da na faɗa.

Shekarata ta farko na kama ɗaki a ƙasan wani tsohon gida. Sanyi na shigowa bango ya fara zufa, baƙar fumfuna ta mamaye bayan gado, da dare numfashi na neman gagarata. Na duba ƙamus, na tsinci kalmar shaƙewa, stifling, na kira mai gida ina ji da Turancina. Ya yi dariya ya ce in buɗe taga.

Ashe a bakin Bature kalmar ta fi nufin ɗaki ya yi zafi, iska ba ta ratsawa. Da tushenta suke cewa mutum ya danne dariya ko hamma, ko gwamnati ta toshe bakin 'yan adawa. 'Yar uwarta smother ma haka take: danne fuskar mutum da matashi, kashe wuta da bargo, har uwar da tsananin so ya sa ta hana ɗanta sakat. Suffocating kuwa, wanda aiki ko aure ya ishe shi ma yana faɗa. Ni ina cewa zan mutu, shi yana jin ƙorafin zafi. Wata uku muna wannan kurman zance.

Saboda haka, ƙannena, ku daina kiran waya. Ku rubuta saƙo, ku ambaci abin da sunansa: damp ga danshi, mould ga fumfuna. Ku haɗa da hoto, ku ajiye kwanan wata. In yaro na tari, ku kai shi wurin likita a rubuta. In mai gida ya yi kunnen uwar shegu, ku kai ƙara sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. Kunyar nan ta "kada a ce baƙo ya cika fitina" ku bar ta a filin jirgi. A Rocdel, nan kusa da mu, fumfuna ta kashe Awaab Ishak, ɗan shekara 2 da iyayensa suka zo daga Sudan, a Disambar 2020, bayan sun sha kai kuka. Yanzu har doka aka yi da sunansa.

Sai kuma shaƙewar da muke jawo wa kanmu. Kuɗin gas ya yi tsada, sai mutum ya toshe kowace kafa da tsumma, ya hura gawayi a kasko kamar yana tsakar gida a Kano. Hajiyoyi masu turaren wuta, da ku nake. Gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ko launi. Ciwon kai ne da jiri, sai barci. A Ingila, tun Oktoban 2022 wajibi ne mai gida ya sa na'urar gano wannan guba a duk ɗakin da ke da tukunyar ɗumama gida ta gas. Tun kafin nan ma wajibi ne ya ba ku takardar binciken gas ta shekara. Ranar da aka miƙa muku makulli, ku danna maɓallin na'urar a gabansa ku ji ta yi ƙara.