Ajin harshe biyu a jihar Maradi: kurakuran da ke barin ɗan ruga a baya

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, Nijar ke koyar da yara da harshen gida tare da Faransanci. Harsuna biyar aka yi aikin da su: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998, wadda malamai ke kira LOSEN, ta ba tsarin gindin zama, kundin mulki na Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. A jihar Maradi da an ce ajin harshe biyu, galibi Hausa da Faransanci ake nufi. A Tibiri ko Madarunfa lissafin yakan fita. A Dakoro da Bermo kuwa, da rugagen da ke kewaye da Mayahi da Tasawa, akwai yaran da suka buɗe baki da Fulatanci ko Tamajak. Su wannan aji baƙin harsuna biyu ne aka ɗora musu rana ɗaya.

Kuskuren yana farawa tun ranar ɗaukar sababbin ɗalibai. Ana rubuta suna da shekaru da sunan uba, ba a tambayar harshe. Darakta ya ji yaro ya amsa gaisuwa da "lafiya lau", shi ke nan ya zama Bahaushe a takarda. Alhali Hausar sayar da nono a kasuwa ba ta kai mutum ga "ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta fi tsawo". Gyaran ba ya cin ko dala. A tambayi wanda ya kawo yaron abu uku: da wane harshe uwarsa ke yi masa magana, da wanne yake wasa, kuma wa ke jin Hausa a gidan. Sannan malami ya gwada shi da umarni biyar ba tare da nuni da hannu ba: tashi, kawo alli, sa allo a ƙarƙashin tebur, nuna mini babba, koma bayan ƙofa. Wanda ya tsaya yana satar kallon na kusa da shi kafin ya motsa, a sa alama gaban sunansa.

Yaran da aka sa wa alama sukan yi shiru makonni, a nan ne mushe, wato malami, ke yanke hukuncin cewa ba su da kai, ya mayar da su layin baya. Shirun na mai saurare ne, ga kuma kunyar Fulani da ke hana yaro ɗaga murya gaban babba. A zaunar da su gaba, kowanne kusa da wanda ke jin harshensa da Hausa, a bar su su yi raɗa. A mako shida na farko a ware musu minti 15 kullum na Hausar baki zalla, da abin da hannu ke taɓawa: ƙwarya, igiya, tsakuwa, takalmi. Malami kuma ya riƙe kalmomi ko da ashirin na harshensu. Ruwa ndiyam ne a Fulatanci, aman a Tamajak. Ranar da mushe ya faɗe su ya karkace baki, ajin ya yi dariya, ranar wasu ke fara magana. Tsohuwar al'adar nan ta rataya wa yaro sambol, wato alamar kunyatarwa, a wuya don ya yi harshen gida, ko cin shi tara, ba ta da wurin zama. Ana hana yi wa ɗan Hausa ita, sai kuma a ga an juya ta kan mai Fulatanci.

Sai gaggawa. A tsarin makarantun gwaji harshen gida ke ɗauke da karatu shekara ukun farko, Faransanci na shigowa ta baki, ya karɓi ragama daga aji huɗu. Malamai da yawa, don tsoron iyaye masu cewa ba lakwal (makaranta) ta gaske ba ce, suna cika tabulo, wato allon bango, da Faransanci tun CI, wato aji ɗaya. Wasu kuma kowace jimla sai sun faɗe ta da Faransanci su fassara nan take. Yaro ba wawa ba ne: yana toshe kunne ya jira fassara. A raba lokaci, darasin Faransancin baki ya zama nasa shi kaɗai, da hoto da motsin jiki, sauran darussa su tafi da Hausa ba gauraye.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ranar haɗuwar baƙaƙen harsunan biyu. Yaro ya shekara biyu yana karanta c kamar a "ciki", u kamar a "kunu", sai ya tarar da "cahier" da "lune" ya karanta su da Hausa, a ja masa jan biro. Bai yi kuskure ba, dokar da aka koya masa ya bi. Allunan bakin hanya sun isa kayan aiki. A rubuta Gidan Rumji a hagu, Guidan Roumdji a dama. Cadawa da Tchadoua. Tasawa da Tessaoua. Yara da kansu za su tsamo cewa u ɗinmu ou ne a can, c ɗinmu tch, j ɗinmu dj, gi kuma gui. A fara da baƙaƙen da ba su sauya murya ba, irin b, d, l, m, t, a bar masu rikici ɗaya ɗaya, kowanne da makonsa. Sautin p da v babu su daban a Hausa, don haka "vélo" ke fita belo. Abin sha'awa, ɗan Fulani yana da p a harshensa, a nan shi zai ja ajin. Shi kuma ƙ da ts ne ke ba shi wuya, ɓ da ɗ da ƴ kuwa da su ya tashi. Kada malami ya yar da lanƙwasar baƙi a tabulo don sauri: kafa daban, ƙafa daban. Littafin da ya fito daga Najeriya yana rubuta 'ya'ya inda na Nijar ke rubuta ƴaƴa, a nuna wa yara duka biyun sau ɗaya a wuce. Haka wanda ya ce "tahi" ko "hita" ba a yi masa tsawa. A ce masa haka muke faɗa a Maradi, ga yadda littafi ke rubutawa.

Lissafin kuɗi ma tarko ne. Takarda ta ce kaye, wato littafin rubutu, 100 F (tamma 100), yaro ya san dala ashirin ake sayar da shi, sai ya rubuta 20. A liƙa jadawali a bango: dala 1 tamma 5, dala 5 tamma 25, dala 20 tamma 100, dala 100 tamma 500, jika ɗaya tamma 1000. A kawo tsabar kuɗi na gaske a buɗe kanti a aji. A ƙidaya kuwa Fulatanci na da riba: bayan jowi, wato biyar, shida jeego'o ce, bakwai jeeɗiɗi, biyar da ɗaya, biyar da biyu. Wanda ya tashi da wannan ya riga ya san rarraba lamba, kuma zai fi saurin gane dalilin da ya sa Bafaranshe ke ce wa saba'in sittin da goma.

Taron iyaye yakan gudana da Hausa, mutanen ruga su zauna a gefe su tashi ba su ce uffan ba. A sa mai fassara daga cikinsu, a ba su kujera a kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata. A wurin ne za a ji watan da garke zai tashi. Yaron da zai bi dabbobi a ba shi kaye mai baƙaƙen da ya riga ya sani da ƴan gajerun jimloli, in ya dawo a sake masa gwajin umarni biyar ɗin nan kafin a ɗora masa sabon darasi.