Yadda za ka gane ƙaurar dabbobi da idonka

Ina koyar da ilimin halittu a Marwa, a arewacin Kamaru, kuma duk shekara idan muka iso kalmar da littafinmu na Faransanci ke kira migrasiyon, sai yara su ce ai ƙaura ce. Ban hana su ba, amma nakan ce su yi hattara. A bakin Bahaushe, wanda ya yi ƙaura ya kwashe komatsansa ya bar gari ke nan. A ilimin halittu kuwa, ma'anar ta fi kusa da cin rani: tafiya ce mai lokaci, mai alƙibla, kuma galibi akwai dawowa.

To ga yadda nake sa su gane da kansu. Ka sami ɗan littafi da biro, ka zaɓi halitta guda ɗaya tak. Ni shamuwa nake ba da shawara, don ba ta gudun mutane. Baƙa ce mai farin ciki, tana yin sheƙa a kan itatuwan cikin gari, tana cin fara da tsutsa. Ranar da ka fara ganinta gab da faɗuwar damina, rubuta kwanan wata da wurin. Rubuta ranar da ta fara ɗauko kirare, da ranar da 'ya'ya suka fara leƙowa daga sheƙa. Sannan abin da ya fi wuya: ranar da ka daina ganinta. Zuwa kowa na lura da shi, tafiya kuwa sai mai naci. Idan kaka ta yi, shamuwa takan nufi gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka a lokacin da mu muke rani. Abinci take bi.

Shekara ɗaya ba ta isa ba. Sai ka ga abin ya maimaitu a kusan lokaci guda kafin ka kira shi ƙaura. Jemagun da ke fita da magariba su koma itacensu da asuba, wannan kiwo ne kawai. Ɗan zakin da ya girma ya bar garke don neman nasa wurin, watsuwa ya yi, ba zai dawo ba.

In ka saba da shamuwa, faɗaɗa. Tsattsewar Turai tana ƙetare Sahara ta iso mana wajen Oktoba, ta juya arewa wajen Maris ko Afrilu. Giwayen gandun Waza wasu kan haura arewa wajen gandun Kalamaluwe da rani, wasu su gangara kudu wajen garin Kayele da damina, manoman can sun san haka a jikin gonakinsu. Ka tambayi masunta a Kusuri su ba ka labarin kifin da ke tasowa daga Tafkin Chadi ya bi kogunan Shari da Logon don yin ƙwai lokacin cikar ruwa. Da aka gina madatsar Maga a 1979, ambaliyar fadamun Logon ta ragu, kifi da makiyaya duk suka ji jiki.

In ka tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, irin wanda masu bincike ke sa wa tsuntsaye don bin diddigin tafiyarsu, kwafi lambar da adireshin da ke jiki cikin littafinka, ka sake shi in yana da rai.