Kuɗin motar mai ciwon daji: yadda ake tara shi, da yadda ake hana shi yankewa

Satin da likita ya tabbatar cewa ƙullutun da ke nonon Yayata ciwon daji ne, gidanta ya koma kamar gidan suna. Masu dubiya na shiga na fita, wannan ta tura dubu biyu ƙarƙashin filo, wancan ya aiko da lemo da gwangwanin madara. A watan Maris na 2023 ne, ana shirin kama azumi, ga wahalar takardun kuɗi da canjin naira ya jawo, amma duk da haka mutane sun yi zumunci. Muka ƙirga abin da ya taru muka ce alhamdu lillahi, wannan zai kai mu. Kafin Babbar Sallah babu ko sisi a cikinsa, masu dubiya sun ɗauke ƙafa, magani kuwa bai wuce rabi ba.

Ni ne autansu, ina da shagon kayan masarufi a Haɗejiya, kuma ni aka ɗora wa littafin kuɗin mota. Abin da na koya a wata tara shi ne wannan ciwo ba ya son kyautar rana ɗaya. Kwanan wata yake bi. Wanda duk ke son taimakawa, to ya fara da kalanda.

Kafin ka roƙi kowa kwabo, shiga wurin likita ko nas da biro da takarda. Tambaye su kemo (maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya) sau nawa za a yi, kwana nawa ne tsakani, akwai tiyata, akwai gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura), kuma a wane gari. Yaya an rubuta mata kemo sau 8, duk bayan kwana 21, a Asibitin Malam Aminu Kano. Bayan su tiyata, da komawa wankin ciwo da cire zare, sannan gashi a Abuja. Da na jera su a takarda sai na ga zuwa Kano kaɗai ya haura sau 15. Mu kuwa a kanmu lissafin zuwa takwas muke yi.

Kowace tafiya kuma ta mutum biyu ce, domin wanda aka ɗura wa kemo ba a barinsa ya hau mota shi kaɗai. A ce kujera naira 5,000 ce. Zuwa da dawowa na mutum biyu 20,000 ke nan. Sa kuɗin adaidaita sahu daga tashar Yankaba zuwa asibiti a titin Zariya, da na komawa. Sa abinci da ruwa na yini guda, da katin waya. Sa kujera ta uku a dawowa, zan faɗi dalili. Abin da ya fito ka ninka shi da yawan tafiye-tafiye, ka ƙara kwata a kai saboda tafiyar da za ta tashi a banza da kuma tashin farashi. Wannan jimlar ita za ka kai gaban dangi. Mutum ya fi sakin hannu in ya ga lissafi a rubuce, fiye da a ce masa “a taimaka da abin da ya sawwaƙa”.

Sai abu na biyu, wanda rashinsa ya kusa kashe mana magani: kada kuɗin mota ya kwana a jaka ɗaya da kuɗin magani. Kuɗin magani kura ne, duk abin da ya tarar kusa da shi sai ya cinye. Mu a leda ɗaya muka zuba komai, a hannun mijinta. Aka rubuta wata allura mai tsada, aka ɗiba. Aka ce a sake hoto, aka ɗiba. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwana biyu litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta. Kemo na huɗu ya faɗo a daidai wannan satin.

Da daddare na je gidan in ce ta shirya gobe da asuba. Na same ta a kan tabarma tana tsince shinkafa, ta ɗaure kai da ɗankwali har gira saboda gashin da ya zube.

“Auta, bar tafiyar nan tukuna,” in ji ta. “Jikin ya yi sauƙi. Dama an ce daji ba ya son allura. Akwai wani mai magani nan bayan kasuwa, an ce yana dacewa.”

Na ce, “Yaya, wa ya ce miki haka?”

Ba ta ɗago ba. Can ta ce, “Na gaji da tatsar ku.”

Ashe ta leƙa ledar ta ga abin da ya rage. Maganin na nan an saya, yana jira a Kano, kuɗin zuwa wurinsa ne babu, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Sati biyu muka makara. Tun daga ranar, in na ji mai wannan ciwo ya ce ya fasa asibiti zai koma na gargajiya, ba na fara masa wa'azi. Aljihunsa nake fara tambaya, cikin dabara. Sau da yawa abin da mai maganin bayan kasuwa ya fi asibiti da shi ɗaya ne: da ƙafa ake zuwa wurinsa.

Washegari na sayi littafi mai bango ja, na buɗe asusu daban a wayata, na kira taron dangi. Ban ce kowa ya kawo kuɗi ba. Na karanto ranakun da suka rage ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya ɗauki rana. Kawu ya ɗauki kemo na biyar. 'Ya'yan Gwaggo su uku suka haɗu a kan na shida. Matan islamiyyarsu suka ce na bakwai nasu ne, daga adashinsu za su fitar. Wani abokina da ke aiki a Fatakwal ya ɗauki biyu. Wanda ba shi da ƙarfin tafiya guda ya ɗauki adaidaita, ko abincin hanya, ko ya ba da kansa ya zama ɗan rakiya ranar da zan tsaya shago. Wannan ma kuɗi ne, domin duk ranar da na rufe shago asara ce.

Amfanin wannan tsari, kowa ya san ranarsa. Kwana biyar kafin ta zo sai in kira: “Kawu, Talata mai zuwa taka ce.” Ba roƙo ba ne, tuni ne a kan alkawari. In an dawo in tura masa saƙo: an je lafiya, an yi, ga abin da aka kashe, ga canji. Kada ka raina wannan saƙon. Mutumin da aka gaya wa inda kuɗinsa ya shiga, shi ne ke cewa a sake sa shi a wata ranar. Littafin kuma ya kasance a buɗe, duk mai son gani ya gani, kuma mai riƙe shi kada ya ranci ko naira ɗari a ciki da sunan zai mayar gobe.

Daga nan sai tasha. Je ka da kanka, ba ranar tafiya ba, ka gaida shugaban 'yan ƙungiyar direbobi, ka faɗa masa halin da ake ciki. Ba kyauta za ka nema ba. Abin da kake so direba ɗaya ko biyu masu hankali, waɗanda ke lodin farko da asuba, ka karɓi lambarsu. Namu wani dattijo ne mai Sharon. Daren tafiya nakan kira shi, ya ajiye mana gidan gaba, wani lokaci ma ya biyo ta ƙofar gida ya ɗauke ta. Sau biyu ya ƙi karɓar kuɗin kujerarta, ya ce, “Hajiya, ki sa ni a addu'a kawai.” Ban taɓa sa wannan a lissafi ba. In ya zo, riba ce.

Ka kuma bincika masu zuwa Kano da motarsu. A kowane gari akwai 'yan kasuwar da ke zuwa sari Kantin Kwari ko kasuwar Singa duk sati, gidan gaba ba kowa. Zuwa da su yana da sauƙi. Dawowa ce matsala, domin su sai sun gama lodin kaya, ita kuma ba a san sa'ar da za a sallame ta ba, don haka kuɗin dawowa ya kasance a aljihu ko da an sami na Allah a tafiya.

Dawowar nan ita ce mai wuya, kuma a nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba. Wadda aka ɗura wa kemo tun safe, ga tashin zuciya, ga jiri, ga warin fetur, a matse ta cikin mutum huɗu a kujerar uku har Gujungu, zalunci ne. Ka biya kujera biyu a kanta ita kaɗai, kusa da taga. Ka riƙe leda, da tsumma, da ruwa, da maganin amai da asibiti suka bayar. Ta sa takunkumi a hanci, domin kemo na karya garkuwar jiki, tarin fasinja ɗaya na iya kwantar da ita. Kuma a ware kuɗin shatar mota guda a gefe, kada a taɓa. In zazzaɓi ya kama mai kemo, musamman sati ɗaya zuwa biyu bayan an ɗura, ba a jiran gari ya waye a cika mota. A wannan daren ake neman asibiti.

Tafiyar banza ma tana cin kuɗi. Kafin kowane kemo sai an gwada jini, in ƙwayoyin sun yi ƙasa a ɗaga. Sau ɗaya mun yi sammako, mun biya komai, aka duba aka ce jini bai kai ba, a dawo sati mai zuwa. Ba laifin kowa ba ne. Bayan nan na roƙi likita ko zai yarda mu yi gwajin a gida kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, in ɗauki hoton sakamakon in tura ta WhatsApp. Ya yarda, ya faɗi irin gwajin. Ka tambayi naku. Ka kuma roƙa a haɗa muku ganin likita da hoto da karɓar sakamako a rana ɗaya in zai yiwu. Sai ka faɗa musu daga inda kuke za su san nisan.

Gashi kuwa lissafinsa daban ne. Kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a, sati uku zuwa shida gwargwadon ciwon, kowane zama 'yan mintoci. Ba a yin jeka-ka-dawo a kansa, masauki ake nema. Na'urorin kuma ba su da yawa: a Arewa cikin wuraren da aka sani akwai Abuja, Zariya, Sakkwato, Gombe da Maiduguri, sai cibiyar Katsina da aka buɗe a 2025. 'Yan'uwanmu na ƙetaren Maigatari nasu ya fi namu nisa, domin sai a 2021 aka fara gashi a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Layi na da tsawo, na'ura kuma takan tsaya a ko'ina, saboda haka kada ku ɗaura kaya sai an ba ku rana, kuma kun kira an tabbatar ana aiki.

Mu an yi mana tayin masauki biyu a Abuja, duka na 'yan garinmu: ɗaki babba a Mararraba, da ƙarami a Karmo. Na zaɓi ƙaramin. Wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya, wadda ake bi daga Mararraba, da safe ya san dalili, ga kuɗin mota sau biyu a rana har sati uku. In za ka nemi masauki a garin da ba ka da kowa, fara da Sarkin Hausawa ko limamin unguwa ko ƙungiyar 'yan garinku. Ku tafi da gero, da shinkafa, da kuka, da daddawa daga gida. Sayen abinci a Abuja ya fi kuɗin mota ciwo. Mai masauki ma a riƙa sa masa wani abu a cefane, kada zama ya yi nauyi.

Akwai ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa tun da wuri. Kusan kowane asibitin koyarwa na da ofishin walwalar marasa lafiya, mutane da yawa ba su san da shi ba. Ka tambaye su batun asusun Gwamnatin Tarayya na tallafa wa masu ciwon daji, wanda za ka ji ana ce wa CHF. An fara shi a 2021 a asibitoci shida, har da na Shika da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, don ciwon nono da na bakin mahaifa da na furostet da ke kama maza. Magani yake ragewa, amma duk nairar da aka rage a can ta sauƙaƙa wa dangi ɗaukar mota. Sai zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa fakirai da miskinai da waɗanda ake bi bashi da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Ka kai takardar asibiti da lissafinka ga kwamitin zakka na masarauta ko hukumar jiha, ko attajirin da ka san yana fitarwa, malamai su duba inda mara lafiyarku ya shiga.

Abu ɗaya na ƙi. Wani ya kawo shawarar a ɗauki hoton Yaya a sa a Facebook da lambar asusu. Na tambaye ta, ta ce ko bayan ranta ba ta yafe ba. Shi ke nan. In mara lafiya ya yarda da kansa, ruwansa. In bai yarda ba, a rubuta bayani ba suna ba fuska. Kai ma mai bayarwa, kada ka ƙirga mata kuɗi a gaban mutane. Ba wa mai littafi, ko ka biya direba kai tsaye, ita dai ta ji an ce mota ta zo.

Kada kuma a rufe littafin ranar da aka gama gashi. Mu mun yi wannan kuskuren, har mun fara raba ragowar, sai aka ce za ta riƙa komawa Kano ganin likita duk wata uku, ga ƙwayar da za ta sha shekaru. Na bi kowa na ce a bar canjin a asusu. Na ja sabon layi a shafi na gaba, na rubuta ranaku huɗu na shekara mai zuwa. Kawu ya ce a ba shi ta farko.