Yadda Ake Zaɓen Daɓen Katako Mai Faɗi da Ado a Gidan Karkara

Duk wanda ya ga hoton falo mai daɓen katako a waya ya ji yana so, to ya sani a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa abokan gabarsa biyu ne: gara da hunturu. Sai ka gama da su sannan a zo maganar ado.

Fara da ɗakin kansa. Katako ba ya zama a kan daɓen ƙasa, sai an zuba siminti ya bushe ƙamas. Gwajin ba wuya: yanki leda, ka manna ta a ƙasa da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, dakata. In kuwa gidanka na yankin da ruwa ke malala da damina, irin su Auyo da bakin kogin Haɗeja, shawarata ka haƙura ka sa tayil.

Sai zaɓen icce. A kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa nemi loko, wato iroko, ko maɗaci, domin sun fi jure gara. Farin katako mai taushi na rufin kwano ba na daɓe ba ne, komai arharsa. Ko mai taurin ka saya, a shafe bayansa da gefunansa da maganin gara kamar Solignum kafin a shimfiɗa.

Nan ne inda mutane ke faɗawa. Yawancin katakon daga kudu ake kawo shi, da sauran danshi a jikinsa. Falanki mai faɗin inci 6 ko 8 ya fi siriri motsi: da hunturu ya tsuke har ka ga tsaga tana cin ƙura da tsabar gero, da damina ya kumbura, gefunansa su ɗago kamar kwale-kwale. Don haka kada ka yarda da “ai ya bushe, Alhaji” na mai shago. Ɗaga falankin ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa. Busasshe ƙara yake yi tar, ɗanye kuwa ɗum. Kafa ido daga wannan kai zuwa wancan ka ga ko ya karkace. In ka kawo gida, jera shi a ɗakin da za a yi aikin, da ƴan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, aƙalla mako biyu. Ni dai ban cika son abin da ya wuce inci 6 ba, sai in irin na kamfani ne da ake manna shi hawa-hawa, wanda ba ya motsi sosai.

Yanzu ado. Jeri miƙaƙƙe ya fi sauƙi, kuma shi ke fito da kyan faɗin. Ƙashin kifi, inda guntaye ke haɗuwa a karkace, yana son babban falo da kafintan da ya taɓa yi, ce masa, “Malam, kai ni in ga aikinka.” Saƙar tabarma ta dace da ƙaramin ɗaki. Wajen awo ƙara kashi 10 cikin ɗari a jeri miƙaƙƙe, kashi 15 zuwa 20 a ƙashin kifi, saboda yanke-yanke. Kala mai haske ya fi ɓoye ƙurar hunturu. Mai duhu kullum sai ka ga sawun ƙafa.

Ranar shimfiɗa ka tsaya a kan abu biyu: a sa leda mai kauri tsakanin siminti da katako, a kuma bar tazarar kusan santimita 1 a jikin bango, a rufe ta da siririn katako. Ka kuma gaya wa uwargida tun wuri: buta a waje, goge-goge da tsumma mai ɗan laima, kaskon turaren wuta kuwa a ɗora shi kan faranti ko guntun tayil.