Yadda za ku shirya tim ɗinku da koci ku shiga doguwar gasar iyo, keke da gudu

Toh, idan ku 'yan sha'awa ne, kowa da aikinsa da iyalinsa, kuka haɗu kuna son ku shiga tirayatlon mai dogon zango irin ta Ironman, ku fara sanin abin da kuka ɗauko. Iyo kilomita 3.8 a buɗaɗɗen ruwa, kana fitowa ka hau keke ka yi kilomita 180, kana sauka kuma ga gudun fanfalaki kilomita 42.2 yana jiranka, duk a yini ɗaya, agogo baya tsayawa. A yawancin gasannin awa 17 ake bayarwa gaba ɗaya, kuma shi kansa iyon in ka wuce awa 2 da minti 20 shikenan an cire ka. A 1978 aka fara abin a Hawaii, mutum 15 suka shiga ruwa 12 suka ƙarasa, Gordon Haller da ya zo na ɗaya sai da ya yi sama da awa 11 da rabi. Ku riƙe wannan a ranku kafin wani ya fara cika baki.

Ku zaɓi gasa tun da wuri, wata tara ko shekara guda kafin ranar, kuma kowa ya je likita ya duba masa zuciya kafin a fara komai, wannan ba maganar wasa bace musamman waɗanda suka haura arba'in. In yawancinku sababbi ne gara ku fara da rabin zangon, iyo 1.9, keke 90, gudu 21.1, a nan za ku gane waye ya shirya da gaske. Wasu gasanni kamar ta Roth a Jamus suna yarda mutum uku su raba aikin, ɗaya iyo ɗaya keke ɗaya gudu, wanda bai kai ba sai ya shiga ta nan yana tare da tim ɗin dai.

Maganar koci yanzu. Ni a ganina babban aikin koci a irin wannan tim ɗin shine ya riƙa taka wa mutane birki, don wlh da wuya ka ga ɗan sha'awa da ya yi rajista da kuɗinsa yana ƙin tirenin, matsalar ita ce wuce gona da iri, mutum ya ga abokinsa ya yi kilomita ɗari ranar Asabar shi ma sai ya ce sai ya yi, sati uku gwiwa ta kumbura. Ku nemi kocin da ya taɓa shirya mutane wa dogon zango, wanda zai tambaye ka awa nawa kake barci da ƙarfe nawa kake tashi daga aiki kafin ya rubuta maka jadawali. Jadawalin kowa daban, don mai awa takwas a sati da mai awa sha huɗu ba za su bi takarda ɗaya ba. Ku kuma haƙƙinku shine ku faɗa masa gaskiya. In baka yi tirenin ɗin Talata ba ka ce baka yi ba, kar ka haɗa shi da na Laraba a ɓoye.

Yawancin atisayen a hankali ake yinsa, gudun da zaka iya hira da na gefenka baka haki. Mai zafin kaɗan ne, sau ɗaya ko biyu a sati. Ana ƙara nauyin aiki sati biyu ko uku, sai a sassauta sati ɗaya jiki ya farfaɗo. Nan ne fita tare take da haɗari, saboda da zarar an jeru a titi kowa zai so ya nuna shi ne, fitar da ya kamata ta zama mai sauƙi ta koma tsere. Ku raba kanku gida biyu ko uku gwargwadon ƙarfin kowa, kuma a sa doka cewa a doguwar fita ba a barin kowa a baya shi kaɗai.

Iyo shi ne inda koci ya fi amfani don dabara ce fiye da ƙarfi, sai wani ya tsaya a bakin kwami yana kallon yadda hannunka yake shiga ruwa da yadda kake numfashi. Amma kwami bai isa ba, ku je buɗaɗɗen ruwa tare da mai sa ido a kwale-kwale, ku koyi ɗaga kai kuna hango alama don kar ku karkace, ku yi iyo a cunkushe kuna gogar juna da gangan, don ranar gasa ƙafar wani zata same ka a fuska kuma bai kamata ranar ce farkon da hakan ta faru da kai ba. Rigar roba ta iyo ma a gwada ta tun kafin lokaci, sannan ku sani in ruwan ya yi ɗumi da yawa ana hana sa ta.

Keke shi ne ya fi cin lokaci, kusan rabin yinin a kansa kake. Kafin ku sayi komai mai tsada ku je a daidaita muku tsayin sirdi da kan keken da jikinku, don gadon bayan da zai yi awa shida ko bakwai a sunkuye shi ya fi buƙatar kulawa. Kowa ya iya canza tayar da ta yi faci da hannunsa, ku yi ta gwadawa har ya zama cikin 'yan mintuna. Sannan ga abin da yake ruɗa tim da yawa: a gasar an hana ka laɓe a bayan wani yana kare maka iska, dole a bar tazara kusan mita 12, in alƙali ya kama ka zaka tsaya a tantin hukunci. Kenan wasu dogayen fitar ku yi su a warwatse kowa yana cin iskarsa. Kuma ku saba da sauka daga keke ku kama gudu nan take ko na minti ashirin ne, ƙafafu suna yin nauyi kamar an ɗaura musu bulo, sabo ne kawai yake rage abin.

Cin abinci a kan hanya shi ma tirenin ne. Ana so mutum ya riƙa shigar da abin da ke ba da kuzari, wato sukari da sitaci, kamar giram 60 zuwa 90 a awa, da ruwa da gishiri daidai da yadda yake zufa, kuma sai ciki ya saba da hakan a doguwar fita. Ku bincika abin da masu gasar za su raba a tashoshinsu ku gwada shi tun yanzu. A kan keke ake cin mafi yawa don in aka fara gudu ciki baya karɓa sosai.

Saura sati biyu zuwa uku koci zai rage aiki sosai, mutane su fara tsorata wai ƙarfinsu zai tafi, ba inda zai je, ku yi barci. Ku karanta dokokin gasar tare, ku shirya jakunkunan canji, wato na kayan da za ku canza daga iyo zuwa keke da daga keke zuwa gudu, ku gwada cirewa da sawa. Hular kwano a ɗaure take kafin ka taɓa keken, kuma baka kwance ta sai ka ajiye shi.

Ranar gasa koci da 'yan uwa ba su da damar miƙa maka ruwa ko gyara maka keke ko bin ka da gudu, ana iya korarka a kan haka, ihu kawai za su yi maka daga gefe. Don haka kowa ya fita da tsarinsa a rubuce: bugun zuciyar da ba zai wuce ba a awa biyun farko na keke ko da duk duniya ta wuce shi, lokacin ci, da shawarar takawa a kowace tashar ruwa in an zo gudu. Ku sa mutanenku su tsaya wajen kilomita 30 na gudun inda ya fi tsanani. Waɗanda suka riga gamawa su ci abinci su sa riga mai ɗumi su dawo bakin layin ƙarshe, don na ƙarshenku yana iya shigowa dab da sha biyun dare, kuma sai an sami wanda zai karɓo masa kekensa da jakunkunansa ya kai shi masauki.