Yadda ake tsara kwararar saƙonnin manhaja ba tare da sun cakuɗe ba

A manhajar ciniki, duk abin da ya faru labari ne da sassa da yawa ke jira. Wani ya yi oda, ya biya, ko ya fasa: sashen kuɗi na son ya sani, haka na ma'ajiyar kaya da na aika sanarwa. Maimakon kowanne ya yi ta tambayar ɗan'uwansa, sai a zuba saƙonnin a magudana ɗaya, kowa ya ɗebi nasa.

Fara da tsayar da siffar saƙon. Ƙa'idar CloudEvents, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a 2019, ta wajabta abubuwa huɗu: lambar shaida, inda saƙon ya fito, nau'insa, da sigar ƙa'idar. Ka ƙara da lokacin da abin ya auku, domin saƙon wayar da ta rasa intanet kan iso a makare. Sunan nau'in saƙon ya zama labarin abin da ya faru, kamar "an biya oda".

Sai zaɓen dillali, wato manhajar da ke karɓar saƙonni daga masu aikawa ta miƙa su ga masu karɓa. RabbitMQ ya ƙware a rarraba saƙo zuwa layuka bisa alamar da ke jikinsa, amma a layinsa na yau da kullum, da zarar mai karɓa, wato sashen manhajar da ke karanta saƙon, ya tabbatar ya gama, saƙon ya tafi. Apache Kafka, wadda aka ƙirƙira a LinkedIn aka sake ta ga kowa a 2011, tana ajiye saƙo ko bayan an karanta, kwana 7 idan ba ka canza ba. In kana son komawa baya ka sake karatu, ita ce taka.

Mataki na uku ne ya fi buƙatar natsuwa. Kafka na raba kowace magudana kashi-kashi, kuma a cikin kashi ɗaya kawai take tabbatar da jerin saƙonni. Makullin da ka liƙa wa saƙo shi ke yanke kashin da zai faɗa. Idan lambar oda ce makullin, "an biya" da "an fasa" na oda ɗaya za su zo bi da bi. Idan babu makulli, ana iya karanta fasawar kafin biyan, a tura kayan da mai su ya riga ya janye. Kada kuma ka ɗauki makulli mai faɗi irin sunan ƙasa, don kashi ɗaya zai cika maƙil sauran na zaman banza. Ka yi tunanin yawan kashin tun farko: ƙara shi daga baya na sauya inda makullai ke faɗawa, kuma a rukunin masu karɓa da ke raba aikin karanta magudana ɗaya, waɗanda suka haura yawan kashin ba su da aikin yi.

Na huɗu, ka sa a ranka cewa saƙo zai zo sau biyu. Mai karɓa na iya gama aiki ya mutu kafin ya rubuta inda ya tsaya, wanda ya gaje shi ya maimaita. A ganina wannan ne aka fi sakaci da shi, kuma da kuɗin mutane ake wasa. Maganinsa: ka ajiye lambar shaidar saƙon a rumbun bayanai a cikin rubutu ɗaya da sakamakon aikin. In lambar ta sake bayyana, a tsallake ta.

Saƙon da ya lalace kada ya tare hanya. A gwada shi 'yan lokuta, ana ƙara tazara, sannan a kai shi layi na daban tare da dalilin gazawar, mutum ya duba.

Daga nan ka sa ido kan tazarar da ke tsakanin sabon saƙo da inda mai karɓa ya kai. Ka saita ƙararrawa tun tana ƙarama, domin idan jinkirin ya wuce wa'adin ajiya, Kafka za ta goge saƙonnin da ba a kai ga karantawa ba.