Yadda ake buga wasannin Windows a kan Linux ta hanyar Proton

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta janye tallafin yau da kullum daga Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na biyu da ke kasuwanninmu ba su kai nan ba, ko da yake lafiyarsu ƙalau. Linux, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows, na karɓar irin waɗannan kwamfutoci hannu bibbiyu. Abin da ke riƙe matasa da yawa tambaya ɗaya ce: to, wasannina fa?

Mafi yawansu za su yi aiki. Wasu ba za su yi ba ko me ka yi, kuma gara ka san su tun kafin ka ƙona datarka.

Wasan da aka rubuta domin Windows yana ta aika mata buƙatu ne: buɗe mini wannan fayil, zana wannan hoto, fitar da wannan sauti. Linux ba ta jin wannan yare, sai an samo tafinta. Tafintan shi ne Wine, aikin da aka faro tun 1993, wanda ke karɓar kowace buƙata ya juya ta zuwa abin da Linux ke ganewa nan take. Ba ya ƙirƙiro wata kwamfutar bogi a cikin taka. Furosesanka ne ke gudanar da wasan kai-tsaye, shi ya sa saurin ba ya raguwa sosai. A watan Agusta 2018 kamfanin Valve, mai shagon wasannin kwamfuta na Steam, tare da kamfanin CodeWeavers suka fitar da Proton, wato Wine da aka yi wa gyara na musamman domin wasanni. Wasannin Windows na zana hoto ne da tsarin DirectX, Linux kuwa Vulkan take ganewa, don haka a cikin Proton akwai DXVK mai juya DirectX 9 da 10 da 11 zuwa Vulkan, da VKD3D-Proton mai kula da DirectX 12. A kan wannan tubali aka gina Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve da ta fito a 2022, don haka ba abin gwaji ba ne kuma, kamfani ne ke zuba kuɗi a kansa.

Mataki na farko: binciki wasanninka kafin ka taɓa komai

Rubuta sunayen wasannin da ka fi bugawa, ka shiga shafin ProtonDB ka nemo su ɗaya bayan ɗaya. Masu wasa ne da kansu ke kai rahoto a can, ana ba kowane wasa daraja. Platinum na nufin yana tashi ba tare da an taɓa komai ba. Gold yana aiki daidai bayan ɗan gyara. Silver da Bronze akwai matsaloli, Borked kuwa ba ya tashi sam. Kada ka tsaya ga darajar kawai. Gangara ƙasa ka karanta rahotannin baya-bayan nan, musamman na masu katin hoto irin naka, domin rahoton shekara uku da suka wuce yana iya zama tsohon zance.

Babban shingen shi ne manhajar hana maguɗi ta wasannin intanet. Easy Anti-Cheat da BattlEye duk suna iya aiki da Proton tun 2021, amma sai kamfanin wasan ya ga dama ya kunna. Fortnite da PUBG ba su kunna ba. Valorant da sababbin Call of Duty suna da nasu tsarin da ba ya karɓar Linux. Apex Legends ya yi aiki na wani lokaci, sai aka rufe ƙofar a ƙarshen 2024. Abin da zai fi yi wa masoya ƙwallo zafi shi ne, tun daga FIFA 23 kamfanin EA ya sa tsaron da ke shiga can cikin zuciyar Windows, kuma jerin EA Sports FC ya gaje shi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne abin da kake kunna kwamfuta dominsa, kada ka goge Windows. Raba faifan gida biyu, ka ajiye kowace a ɓangarenta. Kuma ina roƙonka kada ka bi dabarun zagaye tsaron da ake yaɗawa, domin ƙarshensu rufe maka asusu ne.

Mataki na biyu: Linux da direban katin hoto

Ga sabon shiga, Linux Mint ko Ubuntu sun wadatar. Na fi karkata ga Mint saboda fuskarta ta yi kama da abin da mai Windows ya saba da shi. Bayan ka ɗora ta, sabunta komai tukuna.

Mai katin AMD ko Intel ba shi da wani aiki, direbobinsa na cikin Mesa da ke zuwa tare da tsarin. Mai Nvidia ya buɗe Driver Manager a Mint, ko Additional Drivers a Ubuntu, ya zaɓi wanda aka ba da shawara, ya sake kunna kwamfutar. Daga nan buɗe Terminal ka rubuta:

sudo apt install vulkan-tools

vulkaninfo --summary

Nemi sunan katinka da lambar da ke gaban apiVersion. Wannan lamba ce za ta faɗa maka inda ka tsaya. Daga Proton 8 zuwa sama ana buƙatar Vulkan 1.3. Tsofaffin katunan Nvidia na jerin GTX 600 da mafi yawan 700 sun tsaya a ƙasa da haka, don haka Proton 7.0 ne nasu. Intel HD 4000 da tsararrakinsa kuwa Vulkan ɗinsu bai cika ba, akwai wata hanya dominsu da za mu zo kanta. Idan sunan da ka gani llvmpipe ne kaɗai, direba bai zauna ba, furosesa ne ke ɗaukar nauyin zanen, kuma wasa zai riƙa jan ƙafa. Gyara wannan kafin ka ci gaba.

Mataki na uku: Steam da kunna Proton

A Mint ɗauko Steam daga Software Manager. A Ubuntu ya fi kyau ka sauke fayil ɗin deb daga shafin Steam da kansa maimakon na Snap. Zai nemi ƙara wasu fayilolin 32-bit, ka amince, tsofaffin wasanni na buƙatarsu. Shiga asusunka, ka je Settings, sannan Compatibility. A sababbin fitowar Steam za ka tarar Proton a kunne. Idan taka tsohuwa ce, kunna Enable Steam Play for all other titles ka sake buɗe Steam. Shi ke nan, maɓallin Install zai bayyana a kan wasannin Windows kamar kowane wasa.

Mataki na huɗu: tattalin data da wurin ajiya

Nan ne ya kamata mai sayen data da gumin goshinsa ya nutsu. Ban da wasan kansa, Steam zai sauke Proton da Steam Linux Runtime, sau ɗaya ga kowane zubi. Sannan akwai shader, wato ƙananan umarnin zane da ake shirya wa katinka tun kafin wasa ya fara. Steam kan sauko da su a kai a kai, wani lokaci masu nauyi. Idan datarka a ƙirge take, je Settings, Downloads, ka kashe Shader Pre-Caching. Wasan zai ɗan riƙa sarƙewa a mintunan farko yayin da yake haɗa nasa, daga baya ya saki jiki. Wasu wasannin kuma bidiyon cikinsu na iya ƙin fitowa idan ka kashe shi, sai ka mayar ko ka koma GE-Proton da zan ambata. A Properties na kowane wasa, ƙarƙashin Updates, sa shi ya sabunta sai lokacin da ka buɗe shi.

Wasan da ka riga ka sauke a Windows ba sai ka sake saukewa ba. Kwafi foldarsa daga steamapps/common zuwa irin wannan wuri a Linux, ka danna Install. Steam zai gano fayilolin ya cike abin da ya rage kawai. Haka idan abokinka na da wasan da kai ma ka saya, ku haɗu a Wi-Fi ɗaya, Steam na iya jawo shi daga kwamfutarsa.

Abin da ban ba ka shawara ba shi ne ka bar wasannin a ɓangaren Windows mai tsarin NTFS ka ce Proton ya buga su daga can. Sau da yawa za ka danna Play, maɓallin ya canza launi na daƙiƙa biyu, ya dawo kore, babu saƙon kuskure babu komai. Ajiye su a ɓangaren Linux mai tsarin ext4.

Mataki na biyar: tashin farko da gyaran matsala

Tashin farko yakan ɗauki lokaci. Proton na gina wa wasan ƙaramar Windows tasa shi kaɗai a steamapps/compatdata, cikin folda mai lambar wasan. Leƙa ciki za ka ga pfx, a cikinta drive_c, da Program Files da users kamar yadda ka san su. Yi haƙuri, kada ka rufe shi.

In ya ƙi tashi, bi a hankali, kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza abu huɗu tare, ko ya yi nasara bai san wanne ya yi maganin ba. Fara da sauya zubin Proton: danna dama a kan wasan, Properties, Compatibility, ka sa alama a Force the use of a specific Steam Play compatibility tool. Gwada Proton Experimental, in bai yi ba ka koma wani tsoho. Idan wasa na tafiya amma bidiyon labarinsa baƙi ne ko layukan launi, ɗora ProtonUp-Qt ka sauke GE-Proton da shi. Yana ɗauke da abubuwan kunna bidiyo da Valve ba ta iya rabawa saboda lasisi.

Sai akwatin Launch Options da ke ƙarƙashin General. Mai tsohon Intel ya rubuta:

PROTON_USE_WINED3D=1 %command%

Wannan zai bi ta OpenGL, wani tsohon tsarin zana hoto, maimakon Vulkan. Ya fi nauyi, amma yana tayar da tsofaffin wasanni da yawa a kwamfutar da aka fid da rai da ita. Idan kana son sanin abin da ke faruwa a ɓoye, rubuta:

PROTON_LOG=1 %command%

Za ka sami fayil mai suna steam da lambar wasan a babbar foldarka ta Home, shi za ka nuna wa duk wanda kake neman taimakonsa. Mai laftof mai katin hoto biyu kuma ya tabbatar babban ne ke aiki, a Mint akwai alamar Nvidia kusa da agogo inda ake zaɓa, kuma ya jona caja, domin a kan batir kwamfuta na rage ƙarfinta.

Dabara ta ƙarshe ita ce goge foldar wasan da ke compatdata domin Proton ya sake ginawa. Kafin ka yi, kwafi abin da ke cikin drive_c/users/steamuser ka ajiye. Wasan da ba ya amfani da Steam Cloud galibi a nan yake adana duk inda ka kai, in ka goge ya tafi ke nan.

Wasannin da ba na Steam ba

Na Epic da GOG, Heroic Games Launcher ne ya fi sauƙi: ka shiga asusunka, ka zaɓi Proton ko Wine, ka sauke. Tsohon wasa na faifan CD ko mai fayil ɗin setup kuwa, Lutris ko Bottles za su gina masa nasa wurin. In ya yi kukan rashin wani fayil na Visual C++ ko .NET, Winetricks na ɗora su, Protontricks kuma na yin haka ga wasannin Steam.

Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu, cewa ƙwayar cutar Windows ba ta cin Linux. Wine na gudanar da muguwar manhaja kamar yadda yake gudanar da ta kirki, kuma a tsarinsa na asali faifan Z da wasa ke gani hanya ce zuwa dukkan fayilolinka, har da hotuna da takardun makaranta. Fasasshen wasan da aka turo maka a filas ba ka san abin da aka cusa a cikinsa ba. Kada ka taɓa gudanar da Wine da sudo, umarnin da ke ba manhaja cikakken iko a kan kwamfuta, kuma abin da ba ka yarda da tushensa ba kada ka buɗe shi a kwamfutar da kake shiga asusun bankinka. Epic na raba wasa kyauta kowane mako, Steam na da rangwame mai yawa a tsakiyar shekara da ƙarshenta, kuma wasannin GOG ba su da makulli, da zarar ka sauke fayil ɗin girkawa kana iya ajiye shi a faifan waje ka ɗora ko babu intanet.